Ƙarshen sanyi a Tawa: albasa ta zubo, lemu na ban kwana

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, ni dai duk shekara nan ne lokacin da na fi so a garin ga namu na Tawa. Sanyi ya fara ja da baya, da asuba kaɗai ake ɗan jin shi, rana na ɗagawa kowa ya yar da bargo, zafin nan na Afrilu mai hana barci cikin ɗaki kuma bai iso ba tukuna. Abin da ke sa ni son shi kuwa kasuwa ce. Ku shiga kasuwar Tawa ran Lahadi a wanga lokaci ku ga ikon Allah, albasa tsibi tsibi, tumati ja jawur cikin kwanduna, shu, karoti, salati, ɗanyen tattasai, kwambitar, ga lemun Timiya na ƙarshe ƙarshe, duka sun haɗu lokaci guda kuma da arahar da talaka ke iya kai hannu. 'Yan makonni ne fa, daga nan shikenan, tumati ya fara tsada yana ƙanƙancewa, salati ya yi ɗaci, mu koma ga tumatin gwangwani da busasshen guro har damina ta zauna.

Abin da ke ci min rai shi ne da yawa cikinmu lokacin na zuwa ya wuce ba mu more shi ba. Miya guda muke yi shekara duka, tumatin leda, magi huɗu, mai, a juye bisa shinkafa, alhali ɗanyen tumatin ga shi can yana ruɓewa bakin hanya don mai shi ya rasa mai saye. Wallahi abin na da ciwo, don na san wahalar da aka sha kafin ya iso kwandon nan.

Garka tsohuwar sana'a ce a Adar, fadamun Magiya da Tarka da Keita da Badagishiri tun kakanni ake ban ruwa cikinsu da jigo da ƙwarya, albasar Galmi kuwa sunanta ya kai har bakin teku. Amma manyanmu duka za su ce muku bayan farin 1984 ne noman rani ya zama na kowa, lokacin da Seyni Kunce ya matsa ma mutane a kan kowane gari mai tabki ko rijiya marar zurfi ya yi garka, kuma shekarar ce aka fara babban aikin nan na Keita da taimakon Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tare ƙoramu aka dasa itatuwa, ruwa ya riƙa tsayawa yana shiga ƙasa maimakon ya kwashe gonaki ya wuce. Konni kuma ga gandun nomanta da ke sha daga madatsun Mozage da Zongo. Inna ta sha gaya min lokacin ƙuruciyarta shu da salati abincin ma'aikata ne da turawa, yau ga su a tiren 'yan talla kowane lungu.

Kawuna na da garka nan kusa, fadamar Tadis, albasa ya fi yi sai ɗan tumati da tattasai ta gefe. Tun Oktoba yake zuba iri, ya dasa Nuwamba ko farkon Disamba cikin sanyin nan mai fasa ƙafa, daga nan kuma ban ruwa ba fashi kusan wata huɗu, man motopam kullum daga aljihu, tiyo ya fashe a ɗaure da roba, rijiya ta ja baya a jira ta taru. Shi mutum ne da ba ya yarda a cika ma albasa takin zamani, musamman ure, kuma in ta kusa isa sai ya yanke mata ruwa wajen kwana goma ko sati biyu, ya bari wuyanta ya kwanta da kanshi kafin a tone. Na taɓa tambayarshi don mi ba ya yi yadda maƙwabtanshi ke yi tunda tasu ta fi girma, sai ya ce min, "ɗiyata, wadda ta sha ure buhu take cikawa, amma ki sa ta rudu wata biyu ki buɗe ki ji wari." Rudu shi ne ɗan rumbun nan na kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasa, kuma nan ne duk ribar take, don buhun da aka ba da kyauta kyauta a Maris shi ne in an kai ƙarshen damina zuwa Nuwamba za ka ji kuɗinshi ya ninka uku ko fiye. Matsalar ita ce mafi yawan manoma ba su iya jira, bashin mai da na iri da na 'yan aiki na wuyansu, ga manyan motoci sun yi layi Galmi da Madawa suna lodi zuwa Gana da Kodibuwa da Togo, dole mutum ya sayar yadda ta samu. Shi ya sa ni wanga lokaci ba na tsananta ciniki da mai garka. In ya ce jikka ba na cewa sai dala ɗari, arahar da muke murna da ita daga guminshi aka yanke ta.

To mu zo kan lemu, don shi ne ya sa na zauna rubutun ga.

Wanda bai taɓa shan lemun Timiya ba ina mishi fatan Allah ya kai shi. Timiya can take cikin duwatsun Ayar, fiye da kilomita 200 arewa da Agadas, garake ne cikin kwari da ake ba ruwa daga rijiya, da can raƙumi ko sa ke jan guga, yanzu injina da sola sun shigo, kuma lemun zaƙi ke hitowa can da mandarin da pampalamus, wancan babban mai ɗan ɗaci, har da rumman. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ganiyarshi, masu garakan Agadas har Yamai suke kai shi wurin baje kolinsu, mu kuwa tunda hanya ta nan ta bi muna samun rabonmu, ko da yake kilomita kusan 400 ɗin da ke tsakanin Agadas da Tawa bisa hanyar da duk ta farfashe na sa wani ya iso a daddauje. Mutane na ganin ɓawonshi ja suna cewa shi ya nuna, na Najeriya da ke shigowa ta Illela da Konni kuma kore ne don an tsinke shi ɗanye. Ba haka ba ne. Sanyin dare ne ke kashe koren ɓawon lemu ya hito da jan, Ayar kuwa dare na da sanyi sosai lokacin hunturu, shi kuma na Binuwai a ƙasa mai ɗumi ya girma, yana nuna sarai cikinshi ya yi zaƙi ɓawon na nan kore. Don haka kar kala ta ruɗe ku. Ki ɗauka a hannu ki auna, wanda ya fi nauyi bisa girmanshi shi ke da ruwa, mai sulɓin ɓawo ya fi mai kauri da gurzaje. Tanjalon Gaya ma haka, in kin dace da shi kar ki wuce.

Lemun zaƙi mu dai abin da muka sani a feƙe shi a tsotse a yar, to ku gwada wanga. Ki goga karoti, ki matse lemu guda ko biyu a kai, ɗan gishiri, cokalin man gyaɗa mai kyau, ki bar shi ya ɗan zauna, ba ya buƙatar mayonez ko kaɗan kuma yara na cinye shi tas. Ko ki ɓare lemun ki cire farin nan duka, ki yayyanka, ki haɗa da albasa da ɗan garin tonka da gishiri a ci da gasasshen nama. Albasar Galmi tana da yaji, ɗanya haka nan tana hawa kai, dabarar ita ce ki yanka ta siri siri ki zuba mata gishiri da ruwan lemun tsami ki ajiye minti goma, za ki ga kalarta ta juye ta koma ja mai haske kuma zafin ya kwanta, ni wannan haɗin ba ya yankewa gidana muddin akwai lemu, bisa shinkafa da wake, cikin burodi da ƙwai, gefen dambu, ko'ina yana shiga.

Lemun tsami kam shi ne uban tafiyar. Mun maida shi abin mura da wankin kifi kawai, muna sayen binegar ta roba wadda ba mu ma san da mi aka yi ta ba. Kafin ki yanka ki murza shi bisa faranti da tafin hannu har ya yi laushi, ruwan ya fi hita. Kuma ki riƙe abu guda, a ƙarshe ake sa shi, bayan an sauke tukunya, don wuta na kashe bitamin C ɗin da ke ciki kuma ƙamshin na tashi ya bar miki tsami kawai.

Kwaɗon tamaka, wato zogale, nan ne na fi ganin amfaninshi. Ki tsinke ganyen ki wanke, ki dafa cikin ruwa ba mai yawa ba har ya yi laushi, ni ba na sa kanwa ko da yake na san gidaje da yawa suna sawa don ya yi saurin nuna, kanwa na lalata wasu bitamin ɗin da ake cin ganyen dominsu, gara ki ƙara mishi ɗan lokaci bisa wuta. Ki tsame ki matse ruwan, ki warware shi cikin kwano, dakakken ƙuli-ƙuli ya shiga da yawa ba rowa, tonka, gishiri, albasar nan da kika jiƙa, ɗanyen tumati mai tauri, ɗan mai, ki juya da hannu, sannan ki matse lemun tsami biyu a kai dab da za a ci. Bayan daɗi akwai wani dalili. Ganye irin su tamaka da alayyafo da kuma wake suna da sinadarin ƙarfe mai gina jini, amma jiki ba ya ɗaukarshi da sauƙi daga tsiro sai in ya haɗu da bitamin C, shayi kuwa akasin haka yake yi, in an sha shi nan take bayan abinci yana tare shi. Mu ko kun san mu da shayi. Ƙarancin jini ya yi yawa tsakanin matanmu, masu ciki da masu goyo, duk wadda ke zuwa awo ta ji ana faɗi, kuma ba cewa nike lemu zai maye ƙwayoyin da likita ya rubuta ba, a sha su, amma lemu na dala biyar bisa kwaɗo da jinkirta shayi awa guda abu ne da kowace mace ke iyawa.

Sai yasa. Girkin mutanen Senegal ne, daga yankin Kazamans, kuma na rasa dalilin da ya sa mu da ke zaune bisa albasa ba mu maida shi namu ba, don albasa da lemun tsami ne kawai jikinshi. Su da kaza ko kifi suke yi, ni da zabo na fi so. Zabo guda a yanka gida huɗu ko shida, albasa manya shida zuwa takwas, kar ki ji tsoron yawanta narkewa take, ruwan lemun tsami wajen shida in ƙanana ne ki ƙara, cokalin mutar, tafarnuwa, masoro, gishiri, ganyen loriye, ki cakuɗa duka ki rufe ya kwana in kina da firigo, in babu awa biyu ko uku cikin inuwa sun isa, zafin yanzu ba a wasa da ɗanyen nama. Kuma dan Allah kar ki jiƙa shi cikin tukunyar alminiyam ɗin nan da maƙera ke zubawa, tsami na cin ta har abinci ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe, ki sa roba mai kyau ko kwanon tangaran. In ya jiƙu ki tsame naman ki gasa bisa gawayi, ba sai ya nuna ba, ya dai yi ja ya ɗauki ƙamshin hayaƙi. Albasar ki tsane ta ki zuba cikin mai bisa wuta kaɗan kaɗan, nan ne ake haƙuri, ki riƙa juyawa har ta yi laushi ta fara zaƙi ta canza kala, in kin yi gaggawa miyar za ta yi tsami tsau ba daɗi. Sannan ruwan jiƙon ya koma ciki da naman da ɗan ruwa da attarugu guda ba a fasa ba, a rufe. Zabo ya fi kaza tauri sai kin ba shi lokaci. In an sauke ki ɗanɗana, ki matse rabin lemu sabo a kai, a ci da farar shinkafa. Ranar da na yi ma Inna shi shiru ta yi sai da ta kusa gamawa ta ce, "yo ashe albasa ita kaɗai tana miya."

Kifin Tabalak ma in ya samu da safe sabo, karfasa musamman, ba ya son wani dogon turanci. A tsatsage shi, a cusa dakakken tafarnuwa da citta da tonka da gishiri, a gasa, lemu a kai.

Abu guda da nike son mu bari, wai a wanke salati da lemun tsami ko gishiri an kashe cuta. Ba ya kashewa. Ganyen da ake ci ɗanye, wanda ba ki san da wane ruwa aka ba shi ba, ki ɓare shi ɗai ɗai ki wanke ƙasa tukuna, ki jiƙa cikin ruwa mai 'yan ɗigon jabel ko farmanganat wajen minti goma sha biyar, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, lemun ya zo daga baya don daɗi.

Shekarun ga azumi cikin wanga lokaci yake faɗowa, na 2025 Maris ya cinye gaba ɗaya kuma kowace shekara yana zuwa da wuri da wajen kwana 11, kun kuma san da an ga wata lemun tsami ke tashi sama don kowa na son shi wurin buɗa baki, da citta da na'ana'a da ƙanƙara. To tun yana araha ake tanadi. Masu firigo suna matsewa su daskarar, sai dai wuta in ta ɗauke yini guda aikin ya lalace, shi ya sa na fi yarda da hanyar mutanen Maroko, gishiri kawai. Ki wanke lemu ki tsane, ki tsaga shi gida huɗu ba tare da kin raba ba, ki cika cikin da gishiri, ki danna su cikin kwalba mai tsabta sosai, ki ƙara ruwan wasu lemun har ya rufe su ruf, ki ajiye wuri mai duhu wajen wata guda. Ɓawon ne ake ci, ya yi laushi ɗacin ya tahi, ki yanka kaɗan cikin miyar kifi ko farfesu, sai dai ki rage gishirin miya. Akwai kuma baƙin lemun nan da alhazai ke gani Saudiyya cikin shinkafarsu, ba wani abu ba ne illa lemun tsami da aka ɗan tafasa cikin ruwan gishiri aka shanya har ya bushe ƙamas yana ƙara in an girgiza, rana kuwa Allah ya hore muna ita.

Kauɗa ma yanzu ne lokacinta. Ki sayi kwandon tumati mai tauri, ki tsaga biyu, ɗan gishiri, ki shanya bisa zana ko tire a sama, ba ƙasa bakin hanya ba inda ƙura da awaki ke bi, ki lulluɓa tsohon sange don ƙuda. Iskar yanzu a bushe take, 'yan kwanaki ya yi. Lawashin albasa da ake zubarwa lokacin tono kuma shi ake dakawa a dunƙule a shanya a yi gabu, miyar kuka da gabu da daddawar batso wanda ya sani ya sani.

Yanzu garkar gida, don wasu sun sha tambayata mi za su shuka tunda sun ga kasuwa ta yi kore sha'awa ta kama su. Gaskiyar magana lokacin tumati da salati da shu da karoti ya wuce, waɗannan tun Oktoba zuwa Disamba ake sa su. Wanda ya shuka tumati yanzu zai ga ganye ya yi kyau ya yi fure, furen kuma ya riƙa zubewa ba ɗa, don in zafi ya wuce digiri 35 ba ya ɗaurewa, mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke kwana muke tashi. Salati shi kuma kara zai yi ya miƙe. Abin da ke jure bazara shi ne namu na gado, alayyafo, yakuwa, lalo, guro, tamaka, ɗoɗɗoya, sai na'ana'a da sitronel in akwai inuwa. Alayyafo cikin wata guda kin fara tsinka. Tamaka kuwa kar ki bar ta ta yi tsawo ta wuce katanga, da ta kai ƙugu ki datse kanta ta yi rassa, ganyen ya yi yawa kuma hannu na kaiwa.

Ruwa ne damuwarmu a Tawa, kowa ya san yadda famfo ke yi in zafi ya tsananta, wata unguwar sai tsakar dare yake zuwa. Don haka garkar gida ƙarama ake yi, fangali biyu ko tsoffin tayu da buhunna da bokitin da ya fashe, a jera su gabas da ɗaki inda ranar safe ke samun su ta la'asar ba ta dukansu. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin ganye duka nan suke zuwa gidana, akwai baho wurin alwala don haka, amma ban da ruwan omo da na jabel. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Ki rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ranar da kika fara za ki ga bambanci, da yamma ki tura yatsa ƙarƙashi ki ji da sauran laima. Wata dabarar kuma tulun ƙasa wanda ba a shafe ba, a binne shi har wuya tsakiyar fangali a cika da ruwa a rufe bakin, yana tsattsafowa a hankali saiwoyi na sha, rana ba ta kwashe komi. Taki ya zama wanda ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin awaki ko na kaji cikin zafin ga ƙone shuka yake.

In ƙwari sun zo, dan girman Allah ku bar piya-piya da sauran magungunan kwalba marasa takarda da ake shimfiɗawa kasuwa. Guba ce, kuma ganyen da za ki tsinka gobe ki ba ɗiyanki ne. Ko maganin da aka yarda da shi akwai kwanakin da ake jira kafin a ci, a jikin kwalbar ake rubutawa, kuma wanga shi ne abin da ya kamata mu riƙa tambayar masu sayar muna da shu. Ga 'yar garkar gida 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, sun wadatar, a daka busassun ƙwayoyin, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma, a maimaita bayan sati. Masu manyan garake su abin nasu ya fi haka, tsutsar nan ta tumati mai shiga cikin ganye, Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin Kano a 2016, ta nuna ma kowa yawan feshi ba ya maganinta don sabawa take da maganin. Ƙungiyar RECA, ta majalisun manoma na Nijar, na da layin da manomi ke kira ko ya aika hoto ta WhatsApp a ba shi amsa da Hausa, kawu ma yaranshi sun koya mishi.

Abin da na fi roƙon kowane gida mai ɗan fili kuwa shi ne iccen lemun tsami guda. Guda tak ya ishe ku har da maƙwabta. Ku nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen lemu mai kyau bisa karan wani, wurin masu renon itace, shi cikin shekara uku yake fara 'ya'ya, wanda aka shuka daga ƙwara kuwa sai ya ɗauki biyar ko fiye yana ƙaya kawai. Ku duba wurin auren da kyau, ɗan kumburi ne ƙasa ƙasa jikin karan, wannan wurin bai kamata ƙasa ta rufe shi ba, kuma duk reshen da ya tsiro ƙarƙashinshi a cire shi nan take don na uwar ƙasa ne, in an bar shi zai danne na saman. Abin da ya fi kashe lemu gidajenmu shi ne son da ake nuna mishi, a yi mishi rami a gindi a riƙa cika ruwa kullum kara na jiƙe, sai ki ga ƙaro na hita jikinshi ɓawon na tsagewa ganye na rawaya, cutar gindi kenan. Ruwa ba ya taɓa karan, a tara ƙasa kewaye da gindin, kwarin ruwan ya kasance can waje daidai inda rassa suka tsaya, a ba shi ya ƙoshi sannan a bar shi ya sha iska kwana biyu uku. Gara kuma a sa mata ido, kar ciyawar rufin ta manne da karan. Akwai wata tsutsa mai cin sabon toho, ƙaramarta sai ki rantse kashin tsuntsu ne bisa ganye, da hannu ake tsince ta.

Sai dai ba yanzu ake dasawa ba, wanda aka sa ƙasa a Maris da wuya ya ga Yuni. Aikin yanzu rami ne, a gina shi faɗi da zurfi wajen santimita 60, a ware ƙasar sama a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki a maida, a riƙa ɗan zuba ruwa yana zama, sai ruwan sama ya kankama cikin Yuli a kawo dashen. Kafin nan kuma ku tanadi abin kewaye mai ƙarfi, waya ko tubali, don akuyar Tawa in ta samu ɗan lemu sabon dashe dare guda take gamawa da shi.